Shin ɗan benci yana da kaso? Rikicin rabon maki a wasannin gem na ayari

Ranar 30 ga Yulin 1966 Ingila ta doke Jamus ta Yamma da ci 4 da 2 a filin Wembley, ta ɗauki Kofin Duniya. Jimmy Greaves, ɗan gaban da ƙasar ta fi ji da shi kafin gasar, yana gefe sanye da kwat yana kallo. Ya ji rauni a ƙafa a wasansu da Faransa, Geoff Hurst ya maye gurbinsa, kuma Hurst ɗin ne ya zura ƙwallo uku a wasan ƙarshe.

Da aka zo rabon lambar yabo, mutum 11 da suka buga wasan ƙarshe kaɗai aka ba, domin haka dokar FIFA take a lokacin. Sai a watan Yunin 2009, bayan shekara 43, aka kira Greaves da sauran 'yan tawagar zuwa fadar Firaminista Gordon Brown aka miƙa musu nasu.

Tambayar da ta ɗauki hukumar ƙwallon duniya shekaru kafin ta warware, ita ce dai take raba kan masu buga gem a yau: wanda aka bari a benci yana da kaso a nasarar da 'yan uwansa suka ciwo, ko kuwa ci-ma-zaune ne? A wani rukuni na wasannin kwamfuta da na waya, amsar da kamfani ya zaɓa ita ke yanke ko za ka gama wasan cikin daɗin rai, ko kuma ka ƙara awanni kana maimaita abu guda har cajin wayarka ya ƙare.

Mene ne makin gogewa?

Mafi yawan matasanmu, daga Kano zuwa Maraɗi har Malanville, ƙwallo da harbi suka fi sani a gem: PES, FIFA, Dream League, Free Fire da PUBG. Amma akwai wani rukuni da ake kira RPG, inda ake ba ka dogon labari da jarumai da yawa, kai kuma ka zama madugunsu.

Kowane jarumi da aikinsa. Wani mai takobi ne, wani maharbi, wata mai magani ce da ke warkar da wanda aka raunata, wani kuma gwanin buɗe makullai. Duk lokacin da ayarin ya kashe dodo ko ya kammala wani aiki, sai a ba shi maki. 'Yan gem suna kiransa XP, wato makin gogewa. Idan makin ya kai wani adadi, jarumi sai ya hau mataki na gaba: ƙarfinsa ya ƙaru, jininsa ya ƙaru, ya koyi sabon salon faɗa.

Daga nan matsalar ta taso, domin jaruman sun fi gurbin da ke filin daga yawa. A Final Fantasy VII mutum tara ne, amma uku kaɗai ke shiga faɗa a lokaci guda. A Baldur's Gate 3 huɗu ne ke fita, har da kai, sauran suna zango suna jira. To, idan waɗanda suka fita sun kashe dodo, na zango su ma za a ba su maki, ko su zauna yadda aka bar su?

Mutanen gaɓar Kogin Kwara, wato Neja, ba baƙin wannan tambaya ba ne. Ta yankin Gaya da Illo ne ayarin fatake 'yan goro ke tsallake kogi a ƙarni na 19, su ratsa ƙasar Borgu, su bi ta Djougou su nufi Salaga a Gwanja. Ayari yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da masu kula da jakuna da kaya. In an isa lafiya, ba za a ce mai kwari da baka ne kaɗai ya kawo ayarin ba. Haka abin yake a gayya: matar da ta dafa abinci ba ta riƙe fartanya ba, amma da ita aka yi noman.

Yadda kamfanoni suka yi ta sauya amsa

Makin gogewa ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Ya yi suna ne da Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda ake bugawa a kan tebur da takarda da fensir da 'ya'yan dais irin na ludo. A can dokar a fili take: waɗanda suka shiga kogon dodo su ke raba abin da aka samu. Wanda bai zo zaman ranar ba, jaruminsa yana nan inda ya bar shi.

Wasannin kwamfuta na farko sun gaji wannan tsari. Baldur's Gate na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 1998, raba makin yake yi tsakanin mutanen da ke tare da kai, kuma ba su wuce shida. In dodo ya ba da maki 600, ku shida kowa ya tashi da 100. In kai kaɗai ne, duka naka ne. Shi ya sa wasu gwanaye ke korar abokan tafiya su tafi su kaɗai, don su yi saurin hawa mataki. Wanda ka sallama kuwa, ko kwabo ba ya samu.

A Japan aka fara sassauta lamarin. Dragon Quest IV na 1990 ya zo da keken doki da ke bin ayari. Mutum huɗu ke faɗa, sauran suna cikin keken, kuma muddin keken na tare da ku, su ma suna samun kasonsu. Hikimar a nan ita ce labarin kansa ya ba da hujja: ai suna wurin, tare aka sha rana, tare aka ga dodon.

Final Fantasy VII na 1997 ya zaɓi rabi. Waɗanda ke faɗa suna samun cikakken maki, na benci suna samun rabinsa. Final Fantasy X na 2001 ya juya baya: sai wanda ya taɓuka wani abu a faɗan ake ba maki, amma an ba ka damar sauya jarumai ana tsakiyar fafatawa. Abin da ya biyo baya ya zama abin dariya. Mutum zai iya gama ƙaramin dodo da sara biyu, amma sai ya tsaya yana shigo da jarumansa bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi ɗan motsi ko da kare kai ne, don kada wani ya rasa kaso. Faɗan daƙiƙa goma sai ya koma na minti biyu.

Wasannin Yamma na baya-bayan nan sun kusa rufe maganar gaba ɗaya. A Mass Effect na 2007, duk matakin da Kwamanda Shepard ya hau, da shi mutanensa ke hawa, ko sun fita ko suna cikin jirgi. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a Agustan 2023 ya kuma lashe kambun gem ɗin shekara, shi ma haka ya yi. Ka bar mutum a zango tun farkon labari, ranar da ka kira shi za ka same shi daidai da kai.

Rigimar Pokémon

Babu inda gardamar ta yi zafi kamar a Pokémon, wasan kamfanin Game Freak da ya fara fitowa a Japan a 1996. A nan ayarinka dabbobi shida ne, kuma a yawancin faɗa ɗaya ne ke fita.

Tsoffin 'yan wasan ba sa manta wani kifi mai suna Magikarp. Ba ya iya komai sai tsalle-tsalle, amma in ka yi haƙuri da shi ya kai mataki na 20, sai ya rikiɗe ya zama Gyarados, ƙaton macijin ruwa da ake shakka. Yadda ake renonsa a da shi ne ka tura shi gaba a farkon faɗa, ka yi maza ka janye shi, ka sako mai ƙarfi ya gama aikin, sannan su raba makin. Haka za ka yi ta yi, sau ba adadi.

Akwai wani kayan aiki mai suna Exp. Share da ake rataya wa dabba ɗaya don ta samu kaso ko ba ta fita ba. A 2013, da Pokémon X da Y suka fito, sai aka faɗaɗa shi ya game ayari duka: wanda ya yi faɗa ya samu cikakken maki, sauran biyar kowa rabi. Ka lissafa da kanka: ɗaya cikakke da rabi biyar, ayarin ya tashi da ninki uku da rabi na abin da yake samu a da. Mutane da yawa suka koka cewa wasan ya yi laushi, dabbobinsu sun fi na abokan gaba ƙarfi tun ba a je ko'ina ba. Amma dai a lokacin akwai maɓallin kashewa.

A Nuwamban 2019 Pokémon Sword da Shield suka fito babu wannan maɓalli. Daraktan wasan, Shigeru Ohmori, ya bayyana cewa mafi yawan 'yan wasa dama a kunne suke barinsa, kuma mai son renon dabba ɗaya yana iya ajiye sauran a ma'ajiya. Wannan amsa ba ta gamsar da tsoffin hannu ba. Ba rabon suke ƙi ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an ƙwace musu zaɓin da suke da shi a da.

Hujjar masu cewa a raba

Babbar hujjarsu ita ce tarkon da rashin rabo ke jefa mutum ciki. Ka fara da mutum uku, su ke faɗa, su ke ƙara ƙarfi. Sabon jarumi ya shigo, ka gwada shi, sara ɗaya aka kwantar da shi, sai ka mayar da shi benci. Kullum tazarar ƙaruwa take, har ya zama ba ya da amfani ko kaɗan. Kamfani ya biya marubuta da masu zane da masu murya sun ƙera jarumi goma, kai kuma da uku ka ƙare wasan.

Duk wanda ya taɓa jan ƙungiya a Master League na PES ko a tsarin koci na FIFA ya san wannan ciwo. Yaron da ba ka sa shi wasa ba ya bunƙasa, kuma tunda bai bunƙasa ba, ba ka yarda ka sa shi.

Tarkon ya fi muni idan labarin da kansa ya zo ya nemi 'yan bencin. Final Fantasy VI na 1994 yana da jarumai 14, huɗu ke fita, na benci kuma ba sa samun maki daga faɗa. A ƙarshen wasan, in za ka shiga hasumiyar mugun nan Kefka, dole ka kasa mutanenka gida uku, kowane rukuni da hanyarsa da dodanninsa. Nan ne wanda ya dogara da mutum huɗu tun farko yake gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ya koma daji yana kashe dodanni iri ɗaya na awanni don ya ɗaga waɗanda ya manta da su. 'Yan gem suna kiran wannan aiki da kalmar Turanci mai ma'anar niƙa, kuma sunan ya dace: ka zuba, ka juya, ka sake zubawa.

Akwai kuma ranar da labari ke ɗauke maka wanda ka dogara da shi. A Final Fantasy VII, Aerith, mai warkar da ayari, ana kashe ta a tsakiyar labari, kuma ba ta dawowa. Wanda ya zuba mata duk kulawarsa dole ya nemi madadi. Rabin makin nan da ake ba 'yan benci shi ke sa madadin ya shigo da ɗan ƙarfinsa, ba a matsayin jariri ba.

Hujjar masu cewa kowa ya ci guminsa

Su ma ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa daɗin wannan rukuni na gem yana cikin reno ne. Gyarados ɗin da ka sha wuya a kansa daban yake a ranka da wanda ya girma a aljihunka ba ka sani ba. In kowa zai hau mataki ko ya yi aiki ko bai yi ba, to lambar da ke gaban sunansa ta daina ba da labarin komai.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: akwai wasannin da ƙarancin maki shi ne ƙashin bayansu. Fire Emblem, wanda ya fara fitowa a 1990, wasan dabarun yaƙi ne da in sojanka ya mutu, ya mutu ke nan. Abokan gaba a kowane fage ƙidayayyu ne, kuma wanda ya yi saran ƙarshe shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Tun a wasan farko an ba ka wani tsohon barde mai suna Jagen, mai ƙarfi a farko amma ba ya ƙaruwa sosai. Sabon shiga sai ya bar Jagen ya yi ta kashe kowa, can gaba ya tarar tsohon ya gaza, yaran da ya kamata su gaje shi kuma ba su koyi komai ba. Gwani kuwa Jagen yake sa wa ya raunata abokin gaba, ya bar wa yaro saran ƙarshe. In aka ce a raba maki daidai wa daida a irin wannan wasa, an kashe darasin gaba ɗaya.

XCOM: Enemy Unknown na 2012 shi ma haka yake. Sojan da ya ji rauni yana kwanciya asibiti na kwanaki, wanda ya mutu ba ya dawowa. Kwamandan da ba ya ɗaukar sabon kurtu ɗaya ko biyu a kowace fita, ranar da manyansa suka kwanta zai fita da 'yan koyo zalla. Darkest Dungeon na 2016 ya ƙara da gajiyar zuciya: jarumin da ya daɗe a kogo sai ya huta kafin ya koma, kuma wanda ya ƙware yana ƙin shiga ƙaramin aiki. A waɗannan wasanni, kula da benci shi ne wasan kansa.

Hanyoyin tsakiya

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai kamfanonin da suka nemo mafita mai kyau, kuma a nan ne abin koyi yake.

Hanya ta farko ita ce a raba ƙarfi, a hana ƙwarewa. A Chrono Trigger na 1995, na benci suna samun kaso na makin hawa mataki, amma makin koyon sababbin salon faɗa sai wanda ya shiga fili. Haka Final Fantasy VII: rabin maki yana zuwa benci, amma duwatsun sihirin da ake kira Materia ba sa girma sai a hannun masu faɗa. Wato ɗan benci ba zai faɗi da sara ɗaya ba in ka kira shi, amma ba zai kamo wanda ya sha gumurzu ba. Wannan ya yi kama da abin da gasar Firimiya ke yi: ana ba zakara lambobin yabo 40, wanda ya buga wasa biyar ko fiye nasa tabbas ne, sauran kuma ƙungiya ta raba yadda ta ga dama.

Hanya ta biyu ita ce a bar benci babu kaso, amma a sauƙaƙa kamo na gaba. Suikoden na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1995, yana da mutum 108 da za ka tara, shida ke fita faɗa. Makin da jarumi ke samu ya danganta da tazarar da ke tsakaninsa da dodon. Ƙaramin jarumi in ya bi manya zuwa wuri mai haɗari, faɗa ɗaya na iya ɗaga shi matakai da dama, cikin 'yan mintoci ya kamo sahu. Kuma ba duka 108 ne mayaƙa ba: akwai mai shago, akwai maƙeri, akwai mai masauki, a kashi na biyu har da mai dafa abinci. Kowa da amfaninsa a sansani, kamar dai a gayya.

Hanya ta uku ita ce a mayar da rabon wani abu da za ka nema da kanka. A Persona 5 na 2016, 'yan benci ba sa samun komai sai ka ƙulla abota da wani ɗan ajinku mai suna Mishima. Gwargwadon yadda abotar ta yi ƙarfi, gwargwadon yadda kason benci ke ƙaruwa, har ya kai daidai da na masu faɗa. Fire Emblem: Path of Radiance na 2005 kuwa yana ba ka wani maki na daban bayan yaƙi, ka koma sansani ka raba wa wanda ka ga dama, kamar madugu mai rabon riba.

Lissafin ɗan wasa a Malanville

A Tokyo ko Landan, wannan gardama ta ɗanɗano ce kawai. A wajenmu kuwa akwai kuɗi a ciki.

Ɗauki matashi a Toumboutou, ba Tumbutun Mali ba, wadda ke ƙarƙashin Malanville a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Yanki ne na noman shinkafa da albasa da kamun kifi, ga babbar kasuwar Malanville, ga gadar da ta haɗa garin da Gaya ta Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe wannan iyaka, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Garin da ke rayuwa da manyan motoci da fatauci ya ji a jikinsa, kuma in aljihun gida ya yi sanyi, kuɗin caji da na data su ake fara tsukewa.

Tsoffin wasannin RPG sun dace da irin wannan matashi. Dragon Quest IV, da Chrono Trigger, da Final Fantasy VI da VII, da Baldur's Gate na farko duk an fitar da su a wayoyin Android, kuma wasanni ne na mutum ɗaya da ba sa cin data kamar Free Fire. Ga dogon labari da ake karantawa, wanda ke ƙara wa ɗan makaranta Faransanci ko Turanci ba tare da ya ji yana karatu ba.

Amma lokacinsa ƙidayayye ne. Tsakanin gona da kasuwa da makaranta, wataƙila awa ɗaya yake samu da dare. In a shago yake cajin waya, kowane caji kuɗi ne. In a gidan gem yake bugawa, lokaci yake saye, ga wasu a bayansa suna jiran layi. Mu yi lissafin sama-sama: ayari mai mutum tara, uku ke fita. In awa goma ta kai ukun farko matakin da ake buƙata, kuma labari ya zo ya nemi sauran shidan alhali ba a ba su komai ba, to rukuni biyu ne ke jiran reno daga tushe. Ga mai awa ɗaya a dare, wannan ba ƙaramin zama ba ne, kuma babu sabon labari ko sabon gari a cikinsa, sai dodon jiya da na shekaranjiya.

Su kansu kamfanonin sun gane haka. Sabon bugun Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida da ya fito a PlayStation 4 da Switch a 2023 ya zo da maɓallin da za ka ninka maki har sau huɗu, ko ka kashe shi gaba ɗaya in kana son wuya. Sun san yaran da suka buga wasan a 1994 yanzu magidanta ne masu aiki da iyali.

Maganar ta shafi masu ƙera gem na Afirka ma. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba da ke Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, labarin sarki Enzo da matarsa Erine da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu. Duk matashin Kano ko Yamai ko Kwatano da ke mafarkin bin sahunsu da labarin Bayajidda ko na Sarauniya Amina, zai zo kan wannan tambaya ranar da jarumansa suka fi gurbin fili yawa. Ya tuna wa zai buga wasan, da kuma nawa awa ɗaya take a wajensa.

To, ina gaskiyar take?

Amsar tana wajen abin da wasan zai nema daga benci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasan da ya san zai raba ayarinka gida uku a ƙarshe, ko zai kashe maka jarumar da ka dogara da ita, ko yana son ka ji labarin kowane abokin tafiya, to bashi ne a kansa ya riƙa ciyar da na zango. In bai yi ba, laifin tsarinsa ne yake sa ka biya da lokacinka.

Wasan da tun farko ya gaya maka cewa mutanenka za su mutu, maki kaɗan ne, kuma aikinka shi ne ka san wa za ka rena, wannan yana da hujjar hana benci kaso. Wanda ya shiga Fire Emblem ko XCOM ya san abin da ya saya.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa, tsarin Chrono Trigger da na Suikoden sun fi adalci: kada a bar ɗan benci ya zama kaya, kada kuma a daidaita shi da wanda ya sha sara. Sannan a bar maɓallin a hannun mai wasa. Abin da Pokémon ya yi a 2013 bai tayar da ƙura kamar na 2019 ba, kuma bambancin maɓalli ɗaya ne.

Kai kuma da za ka fara irin wannan wasa a wayarka, gwajin ba shi da wuya. Bayan faɗa biyu ko uku, buɗe shafin ayari ka duba makin wanda ka bari a benci. In ya motsa, ci gaba da tafiyarka da waɗanda ranka ya fi so. In bai motsa ba, fara juya su tun yanzu, ka riƙa sa ƙarami ɗaya cikin manya a kowace fita, tun dodannin suna ƙanana.